Matakan fita da karenka daga Birnin Kebbi zuwa Ingila

Fara shiri aƙalla wata huɗu kafin tafiya, domin aikin ba na mako ɗaya ba ne.

1. Kai karen wurin likitan dabbobi ya dasa masa 'yar na'urar shaida mai lamba 15 a ƙarƙashin fata. Wannan ake fara yi. In rigakafi ya riga ta, sai an sake allurar.

2. A yi masa rigakafin ciwon haukan kare, muddin ya kai mako 12 da haihuwa.

3. Bayan kwana 30 da yin rigakafin a ɗebi jininsa, a aika ɗakin gwajin da Ingila ta amince da shi. Daga ranar ɗibar jinin za ka ƙirga wata uku cur. Nan ne mutane ke gajen haƙuri, kuma karen ke shan wahalar, don in kun isa kafin wata ukun ya cika, tsare shi za a yi a killace.

4. Nemi izinin fitar da karen a wurin hukumomin Najeriya masu kula da lafiyar dabbobi, da takardar lafiya cikin kwana 10 kafin isarku.

5. Likita ya ba shi maganin tsutsar ciki kwana 1 zuwa 5 kafin saukarku.

Tuntuɓi kamfanin jirgi da wuri, domin a sashen kaya karen zai yi tafiyar.