Hiccup: kurakuran da ake ta yi da wannan kalma

Hiccup dai shaƙuwa ce da Turanci, kuma ba daga Latin ko Girkanci aka aro ta ba, ƙarar abin kawai Turawan Ingila suka kwaikwaya, wannan "hik" ɗin da yake fita idan tantanin da ke ƙasan huhu ya zabura maƙogwaro ya rufe farat ɗaya. Tun ƙarshen ƙarni na 16 take cikin rubutunsu.

Inda aka fi kwafsawa shi ne wajen faɗa. Akwai wani tsohon rubutunta, hiccough, a ƙarni na 17 ya ɓullo saboda wasu sun zaci tana da dangantaka da cough wato tari, alhali babu haɗi. To sai ka ji mutum ya gan ta a littafi ya karanta "hikof", a'a, ko da wanne aka rubuta "hikap" ake cewa. Mu kuma dama ga matsalar p da f da ke damun harshenmu, sai abin ya haɗe mana goma da ashirin. Gyaran ba wuya, ka haɗe leɓɓanka gam a ƙarshe kamar za ka ce cup, kar ka bari iska ta zurare. A rubutu kuma ni dai shawarata ka tsaya kan hiccup kawai.

Sai masu ɗauko Hausa su sa mata riga, wai "hiccup is catching me" don mun saba cewa shaƙuwa ta kama ni. Wallahi wannan yana min ciwo in na ji shi a bakin ɗalibi mai ƙoƙari, don abu ne na minti ɗaya da an nuna masa. I have hiccups ake cewa, ko I've got the hiccups, da s ɗinta tunda ba sau ɗaya take zuwa ba.

Kar kuma a cakuɗa ta da gyatsa, ita burp ce, ƙwarewa da ruwa ko abinci kuwa choke.

Tana da ma'ana ta biyu da ake ji a ofis da labarai, ƴar tangarɗa da ba ta daɗewa, kamar netwok ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi ya dawo bayan minti biyu. Amma gobara ta cinye kasuwa ka rubuta wa mutane a small hiccup? Haba, ka raina musu asara ne, nan disaster ko loss ya dace.

Hiccuped da hiccupped kuma duk daidai ne, kar wani ya ja ka da gardama a kai.