Daren prom a Amurka: yadda za ka shirya idan wanda kake so jinsinku ɗaya

Ƙannena da ke sakandare a nan Amurka, Afrilu ya kusa kun san me ake ciki, prom. Ga waɗanda ba su san shi ba, fati ne na rawa da makaranta ke shirya wa 'yan aji 11 da 12 kafin ƙarshen shekara, maza kwat mata doguwar riga, a sayi tikiti a sha hotuna, yawanci kowa da wanda ya gayyato. Wannan rubutun na yi shi ne don yaron da zuciyarsa ke wajen namiji ɗan'uwansa, ko yarinyar da tata ke wajen mace, wanda tun Fabrairu cikinsa ya ɗuri ruwa saboda duk inda ya juya tambayar ɗaya ce, da wa za ka je? Na daɗe ina aiki a ofishin wata makarantar gwamnati, na ga yarinyar da ta zo sayen tikiti biyu hannunta na rawa, da aka miƙo mata fom ta rubuta sunan abokin tafiya sai ta tsaya tana kallon takardar kusan minti biyar sannan ta ce a bar shi ɗaya kawai. Har yau abin na raina.

Da farko dai ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka me kake so, ba me abokai ke so ba. Kana iya tafiya cikin gungun abokai, yanzu yara da yawa haka suke yi babu mai tambayar komai. Kana iya zuwa da wanda kake so ɗin. Kana kuma iya cewa bana ba zan je ba. Duk wanda ka zaɓa ba tsoro ba ne ba kuma abin kunya ba, kar wani ya ingiza ka ka bayyana sirrinka a dare ɗaya alhali kai ne za ka kwana da abin da zai biyo baya.

In ka yanke za ku je tare, to ka san irin makarantarka. In ta gwamnati ce doka ta daɗe da magana a kan wannan. A 1980 wani ɗalibi Aaron Fricke a jihar Rhode Island shugaban makarantarsu ya hana shi zuwa da namiji wai don gudun rigima, ya kai ƙara kotun tarayya, alƙali ya ce aikin makaranta ne ta ba shi tsaro ba ta hana shi zuwa ba, kuma ya je ya yi rawarsa. A 2010 Constance McMillen a Mississippi ta nemi zuwa da budurwarta ta kuma sa kwat, hukumar makarantar ta gwammace ta soke prom ɗin gaba ɗaya, daga ƙarshe alƙali ya ce an take mata haƙƙi, hukumar ta biya ta dala 35,000. Amma fa in makarantar kuɗi ce musamman ta addini, lissafin ya canza, suna da damar kafa ƙa'idojinsu, don haka ka karanta littafin dokokin ɗalibai tun kafin ka kashe ko sisi.

Takardu kuma ka yi su da wuri. In abokin tafiyarka ba ɗan makarantarku ba ne akwai fom na baƙo da sai an sa hannu, wasu makarantun har da iyakar shekaru, ka duba ƙa'idar sutura ma. In wani ya ce maka ba zai yiwu ba, kar ka ɗaga murya, cikin ladabi ka ce don Allah a ba ni a rubuce, ko kai ka tura imel ka ce yau ranar kaza an faɗa min kaza, haka ne? Ka adana amsar. Ƙungiyoyin lauyoyi masu kare haƙƙi irin ACLU da Lambda Legal wannan aikin suke yi, kuma abu na farko da za su nema shi ne shaida. In makarantarku na da kulob ɗin GSA, wato na ɗalibai irinka da masu mara musu baya, malamin da ke kula da shi ya san kan abin, fara da shi.

Yanzu ga inda namu ya bambanta da na sauran yara, hoto. Ɗan ajinku Ba'amurke zai sa hoto a Instagram ya manta, kai kuwa hoto ɗaya in ya faɗa hannun 'yar gidan maƙwabta da kuke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a, kafin asuba ya shiga guruf ɗin WhatsApp na dangi, kafin azahar gwaggo a Kano ko Maraɗi ta kira Mama tana kuka. Kuma ba maganar surutu kaɗai ba ce, a Najeriya dokar da aka sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi da shekara 10 kan nuna irin wannan soyayyar a fili, ga kuma dokokin shari'a a jihohin arewa, kai kuma wataƙila da hutun bazara gida za a tafi da kai. Don haka tun kafin ranar ka faɗa wa abokanka ƙarara, ba a sa hotona ba a kuma maƙala sunana. Hoton mai ɗaukar hoto na makaranta ka tambaya ina yake zuwa, don wani lokaci yakan ƙare a littafin shekara ko shafin makaranta. Haka mai ba ɗalibai shawara, kafin ka buɗe mata cikinka ka tambaye ta kai tsaye, abin da zan faɗa zai kai kunnen iyayena? Dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha.

Ranar kanta, ka san wa zai kai ka wa zai dawo da kai, waya cike da caji, ɗan kuɗin mota a aljihu ko da an watse ba shiri. Da ka shiga ka gano inda malamin da ka yarda da shi yake tsaye. In wani ya jefo baƙar magana kar ka rama da hannu, don kai za a kora, ka je ka faɗa, ka rubuta lokaci da sunan waɗanda suka gani. Fatin da ake yi a gidajen mutane bayan an tashi ni dai shawarata ka haƙura, can ne giya take, babu malami, kuma can ake ɗaukar bidiyon da ba ka sani ba.

In kuma abin ya yi maka nauyi, dare ya yi ka kasa barci har kana tunanin cutar da kanka, wallahi kar ka riƙe shi kai kaɗai. Ka kira ko ka tura saƙo 988, layin taimakon waɗanda ke cikin irin wannan hali, kyauta ne dare da rana, ko Trevor Project da aka kafa tun 1998 don matasa irinka, su ma suna amsawa kowane lokaci. In kana tsoron a gani a wayarka ta gida, je ofis da safe ka ce kana so ka yi kira a keɓe, mu dai a namu ofishin ba mu taɓa hana yaro waya da ɗaki ba.