Kurakuran da muke yi a gurup ɗin iyaye na WhatsApp, da yadda za a gyara su

Matan Maraɗi ba yau muka fara haɗa kai ba. A jihar nan aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara tun 1991, ga adashi, ga foyandi, ga zaman suna inda kowace ke jin yadda ƴar uwarta take fama da goyo. Sai dai yanzu mace tana aure a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho, uwarta tana Tibiri ko Madarunfa, maigida ya tafi fatauci Katsina, ƙarfe biyun dare yaro ya ƙi barci, ba wanda za ta tasa sai waya. Abin da ya sa na buɗe wa iyayen unguwarmu gurup ke nan, kuma har gobe ina ganin amfaninsa. Amma akwai kurakuran da ke maimaituwa, wasu ma ni na fara yin su.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mayar da gurup likita. Wani dare da damina wata ƙanwarmu ta turo vokal, ana jin kukan yaro a bayanta: "Don Allah iyayena, jikinsa ya yi zafi tun la'asar, me zan ba shi?" Kafin a jima amsa ta cika waya. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce shawara ce, wata ta ɗauko hoton ragowar siron ɗanta ta ce a ba shi cokali biyu. Duk don ƙauna suka yi. Amma ba wadda ta tambayi watanninsa ko kilonsa, alhali da nauyin yaro ake auna maganinsa. Daga Yuli zuwa Oktoba kuwa, duk zafin jiki a garin nan a zarge shi da cizon sauro har sai an gwada. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako a CSI, wato asibitin unguwa. Tun 2006 aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma ko an rubuta miki ordonans kin saya a farmasi, aƙalla wanda ya rubuta ya ga yaron da idonsa.

Amsar da ta yi amfani a daren nan ta wata Hajiya ce: "Ƴata, ɗauko karnensa na asibiti, maigidana na zuwa da adaidaita." Irin wannan nake so mu riƙa yi wa juna. In yaro yana jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, kada a tsaya jiran vokal. Haka jaririn da bai kai wata 2 ba in jikinsa ya yi zafi.

Sai vokal ɗin da ba a san mai shi ba. Murya ce kawai, wai wani likita ne a wata ƙasa ya ce kada a karɓi allurar rigakafi ko maganin zazzaɓi da ake rabawa da damina. Ki duba saman saƙon, in kin ga kibiya biyu, ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ki. Uwar gurup tana da ikon goge shi ga kowa, kuma ina gogewa ba tare da jin nauyi ba. Mun ma juya abin: maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59, na kwana uku ne a kowane zagaye. Na farko a gaban masu rabawa ake sha, sauran biyun ne ake mantawa a saman kwaba. Yanzu a gurup muke tuna wa juna.

Nawa kuskuren na hoto ne. Ƙuraje suka feso wa ɗiyata a cinya, na ɗauka na tura ina neman shawara. Bayan kwana biyu uwar mijina ta kira ni, a wayar wata ta ga jikarta, har an laƙa wa ciwon sunan da ba shi ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma haƙƙin yarinyar ne na taka. Gurup ba shi da katanga. Abin da ba za ki faɗa a taron suna ba, kada ki saka shi can, musamman zancen maigida da na abokiyar zama, don magana zarar bunu ce. In dole sai an ga hoto, a tura wa mutum ɗaya da aka yarda da ita, ba fuska, ba tsiraici.

Batun kuɗi gajere ne. In saƙo ya zo da sunan wata tana neman gudummawar jaka biyar, kira ta ki ji muryarta. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa ba a ba kowa, da su ake ƙwace lambar mutum. A rage bidiyo ma, ba kowace ke da forfen da zai ɗauka ba.

Akwai wanda ba a cika lura da shi ba, wato gori cikin wasa. A saka hoton yaro ɓul-ɓul, a yi ta masha Allah, wata ta saka nata a ce "kai, ba ki ba shi abinci ne?" Da dariya aka faɗa, amma daga ranar wata maƙwabciyarmu ta yi shiru. Mako biyu ba ta ce uffan ba, mu kuma muka ɗauka mega ne ya ƙare mata. Da na tuna zumunci a ƙafa yake, na sa hijabi na je. Na tarar yaron ya sha zawo ya rame, ita kuma tana jin kunyar fita da shi kada a ce tamowa. Na zo da zaren awon dantse, wanda ke nuna ja in bai kai santimita 11.5 ba. Nasa ya tsaya a rawaya. Na ce, "Maman yara, gobe da sassafe zan biyo miki, tare za mu je awo." Ta ce to, Yaya. Da na iso ƙarfe bakwai na same ta a zaure, ta riga ta goya shi, karne a hannu.