Yadda Za Ka Zaga da Ɗalibanka Tsohon Birnin Kano a Yini Ɗaya

Akwai yaran da aka haifa a Kano, sun haddace sunan Barbushe saboda jarrabawa, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka Dutsen Dala ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin darasin da malami zai kwashe mako biyu yana rubutawa a allo yana nan a tsaye, kuɗin mota kaɗai ya raba su da shi. Ga yadda nake tsara wannan fita. Magidancin da zai fita da iyalinsa ma zai iya bin tsarin.

Da farko, Malam, ka je kai kaɗai. Ana saura mako ɗaya ko biyu, ka bi hanyar da ƙafarka. Ka shiga Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, ka tambayi kuɗin shiga da lokacin buɗewa, ka faɗi yawan yaran da za ka kawo don a tanadar muku mai bayani. Ka wuce Ƙofar Mata ka gaisa da marina, ka nemi babbansu ku daidaita abin da za a ba su, domin nan ne wurin neman abincinsu, kuma tsayawa yi wa yara arba'in bayani lokacinsu ne ake ci. Ka lura da inda mota za ta tsaya da inda yara za su kama ruwa. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi ɓata tafiya.

Daga nan sai izini. Ka samu amincewar shugaban makaranta, kowane yaro kuma ya dawo da takardar da iyayensa suka sa wa hannu, da lambar waya, da bayanin ko yana da asma ko sikila. Ni nakan sa babba ɗaya a kan yara goma, kuma in akwai 'yan mata dole a tafi da malama.

Ka zaɓi lokaci da kyau. Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke, sama ta yi wasai. In hazo ya sauka a Disamba da Janairu, za ku hau Dala ku sauko ba ku hango komai ba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa rana za ta galabaitar da yara tun kafin hantsi. Kada ka sa ranar Juma'a, saboda cunkoson da ake yi a kewayen Babban Masallaci da Gidan Sarki.

Ranar tafiya, ku fara da Dala, ƙarfe bakwai da rabi ta yi muku a gindin dutsen, kowa da ruwansa a hannu. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba mai wuce na gaba. In kun kai sama, kada ka yi saurin buɗe baki. Bar su su huta, su kalli gari. Ka ce su nemo maka Goron Dutse, su nemo koriyar ƙubbar Babban Masallaci, kowa ya nuna wajen da unguwarsu take. Sai ka jefa musu tambaya ɗaya: me ya sa mutanen farko suka zaɓi zama a nan? Za ka ji amsoshi iri-iri. Wani zai ce don a hango abokan gaba, kuma ya yi gaskiya. Sai ka nuna musu jan dutsen da suke tsaye a kai, ka gaya musu akwai tama a wannan yanki, maƙera sun narka ƙarfe a nan tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda tarihi ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999. A nan labarin Barbushe, jagoran mutanen Dala na da, da Tsumburbura, abin bautarsu, yake zama a kan yaro, domin yana tsaye a inda aka ce abin ya faru. A nan kuma za ka nuna musu faɗin garin da Sarki Gijimasu ya fara kewayewa da ganuwa.

Kafin rana ta yi zafi ku gangaro zuwa Gidan Makama. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zamanin zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Amma ginin kansa abin kallo ne. Ka sa su ɗaga kai su ga yadda aka jera azara, su dubi kaurin bango, su faɗa maka dalilin da ya sa ciki yake da sanyi ba fanka. Ka ba kowane yaro abu ɗaya tak da zai zana a littafinsa. Yaron da aka ce ya rubuta komai, ba ya ganin komai.

Bayan sallar azahar da cin abinci, sai Ƙofar Mata, marinar da aka kafa tun 1498. Abu na farko, ka tsayar da yara a layi nesa da bakin ramuka, domin suna da zurfi. Marini zai nuna musu yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a bar su kwanaki su jiƙu. Ka roƙe shi ya tsoma farin ƙyalle a gabansu. Zai fito da ɗan kore-kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗe ya koma shuɗi. Malamin kimiyya ba zai samu darasin da ya fi wannan ba kan aikin iskar da muke shaƙa. In kun shirya tun zuwanka na farko, kowa ya zo da farin hankici ya ɗaure da zare, a rina masa, ka dawo ka karɓa in sun bushe.

Kasuwar Kurmi ba na kai aji guda cikinta. Lungunanta ƙanana ne, yaro na juya baya ya ɓace maka. Ta fi dacewa da iyali, uba da uwa da yara uku ko huɗu, su ga dukawa da masu sayar da kayan doki a tsanake.

Duk lokacin da za a shiga mota, ka kira suna ɗaya bayan ɗaya, kada ka dogara da ƙirga kawuna. Ku koma makaranta kafin la'asar. Washegari, tun abin yana da ɗumi, kowa ya fito da zanensa ya yi wa aji bayani na minti biyu, ku liƙa su a bango, ku bar wurin rataye hankici.