Yadda ake tantance alƙaluman masu kamuwa da mamata a lokacin annoba

Idan annoba ta ɓarke, hukuma kan fito kullum da lambobi biyu: mutum nawa suka kamu, mutum nawa suka rasu. Wasu su karɓa hannu bibbiyu, wasu kuma su ce ƙarya ce tsagwaronta, kuma duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci. Kafin lambar ta iso kunnenka sai ta bi ta hannun mai ɗaukar samfuri, ɗakin gwaji, likita da jami'in ma'aikatar lafiya, kuma a kowane hannu wani abu na iya zubewa. A watan Mayun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar korona ta jawo mutuwar mutum kimanin miliyan 14.9 a shekarun 2020 da 2021, alhali abin da ƙasashe suka bayar a hukumance miliyan 5.4 ne. Ga matakan da kowa zai iya bi ya auna lambar da aka ba shi.

Mataki na 1: Nemo tushen lambar

Hoton jadawali da aka tura maka a WhatsApp ba hujja ba ne. Shiga shafin ma'aikatar lafiya ko hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, ka ga lambar da idonka, da ranar da aka fitar da ita. Shafukan da ke tara alƙaluman duniya, irin su Our World in Data, daga hukumomin ƙasashe suke kwasowa. Don haka ganin lamba ɗaya a wurare biyar sau da yawa shaida ɗaya ce aka maimaita.

Mataki na 2: Tambayi wa ake ƙirgawa

Nan ne yawancin masu karatu ke tuntuɓe. "Wanda ya kamu" da "wanda cutar ta kashe" ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina. Beljiyam ta riƙa sa waɗanda suka rasu a gidajen kula da tsofaffi cikin lissafi ko da zarginsu kawai ake yi ba a gwada su ba, shi ya sa adadinta ya yi yawa idan aka kwatanta da maƙwabta. Ingila kuwa, a watan Agustan 2020, ta koma ƙirga wanda ya rasu cikin kwana 28 bayan gwaji ya nuna yana da cutar, nan take mutum fiye da 5,000 suka fita daga lissafi. A lardin Hubei na ƙasar Sin, a tsakiyar Fabrairun 2020, an fara haɗawa da waɗanda likita ya gano ta alamomi da hoton huhu, sai masu cutar suka ƙaru da kusan 15,000 a rana guda. Cutar ba ta yi tsalle a ranar ba, ma'aunin ne aka sauya.

Saboda haka duk lokacin da ka ga adadi ya yi sama ko ƙasa kwatsam, fara karanta ƙananan bayanan da ke ƙasan jadawalin kafin ka firgita ko ka yi murna.

Mataki na 3: Duba yawan gwaji

Galibi ba a ƙirga wanda ba a gwada ba. Ƙasar da ke gwada mutum kaɗan dole ta ba da adadi kaɗan, ko da cutar ta cika gidaje. Abin da za ka nema shi ne kason gwaje-gwajen da suka nuna akwai cutar. Misali, gari ya gwada mutum 100 ya sami 40, wani garin ya gwada 10,000 ya sami 300. A takarda gari na biyu ya fi yawan masu cuta, amma na farkon ne abin tsoro, domin alama ce cewa waɗanda jikinsu ya yi tsanani kaɗai ake gwadawa, sauran suna gida ba a san da su ba. A Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kason ya tsaya ƙasa da kashi 5 cikin 100 har tsawon mako biyu kafin a sassauta matakan kulle. Hukumar da ke faɗin adadin masu cuta ba ta faɗin adadin gwaji ta ba ka rabin labari ne kawai.

Mataki na 4: Bambance ranar mutuwa da ranar sanarwa

Mutuwar da aka sanar yau tana iya kasancewa ta makon jiya ko ta watan jiya. A ƙasashe da dama adadin kan faɗi a ranakun hutun ƙarshen mako saboda ofisoshi a rufe suke, sannan ya taso da tsakiyar mako. Haɗa na kwana bakwai ka raba bakwai, ka riƙa bin wannan matsakaicin. Kuma ka ɗauki alƙaluman makonni biyu na baya-bayan nan a matsayin waɗanda ba su cika ba tukuna.

Mataki na 5: Kwatanta da yawan mutuwar da aka saba gani

Wannan shi ne ma'aunin da na fi amincewa da shi, domin bai dogara da gwaji ko da abin da likita ya rubuta a takardar shaidar mutuwa ba. Tambaya ɗaya yake yi: mutum nawa suka rasu a wannan lokacin daga kowane irin dalili, kuma nawa aka saba rasawa a irin wannan lokacin a shekarun baya?

Nemo alƙaluman rajistar mutuwa daga hukumar ƙididdiga ta ƙasar. Ɗauki matsakaicin shekaru biyar kafin annobar, wata da wata, domin mutuwa tana da lokutan da takan ƙaru ko babu annoba. Sai ka cire wannan daga na bana. A ce birni ya saba rasa mutum 1,000 a watan Afrilu, bana ya rasa 1,800, hukuma kuma ta ce annoba ta kashe 200. To akwai mutum 600 da ke buƙatar bayani.

Da wannan hanya aka gano giɓi a wurare da yawa. A Afirka ta Kudu majalisar binciken lafiya ta ƙasar ta riƙa fitar da irin wannan lissafi duk mako, kuma ƙarin mace-macen ya kai kusan ninki uku na adadin hukuma. A Rasha, a Disamban 2020, mataimakiyar firaminista Tatiana Golikova ta amince cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarin mace-macen shekarar na da alaƙa da korona, wato kimanin 186,000, lokacin da jimillar mamatan da aka sanar a hukumance take wajen 55,000. Ga Indiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta miliyan 4.7, gwamnati tana cewa kimanin 481,000, kuma gwamnatin ta ƙi yarda da hanyar da aka bi wajen lissafin.

Sai dai a yi hattara. Ba duk ƙarin ne cutar ta kashe kai tsaye ba. Akwai mai ciwon zuciya da bai sami gado a asibiti ba, da mai naƙuda da dokar hana fita ta tare. A gefe guda kuma haɗurran mota da mura sun ragu a wasu ƙasashe, abin da ke rage giɓin. A wurina duk waɗannan rayuka ne da annobar ta ci, amma idan za ka yi magana ka ambaci kowanne da sunansa.

Mataki na 6: Inda rajistar mutuwa ba ta da ƙarfi

A ƙasashe da yawa, musamman a Afirka da kudancin Asiya, akasarin mutane a gida suke rasuwa a binne su ba tare da takarda ba. A nan sai a koma ga littafin maƙabarta, masu haƙa kabari da ɗakunan ajiye gawa. A Jakarta, a Maris 2020, an binne mutum kusan 4,400, adadin da ya zarce na watannin baya nesa ba kusa ba, alhali mamatan korona a hukumance ba su taka kara sun karya ba. A Lusaka ta Zambiya masu bincike sun gwada gawarwaki a babban asibitin koyarwa a 2020, suka sami ƙwayar cutar a fiye da kashi 15 cikin 100, kuma yawancinsu ba a taɓa gwada su suna raye ba. Irin wannan shaida tana nuna cewa akwai giɓi, amma ba ta isa a ninka ta a ce ga adadin ƙasa baki ɗaya ba.

Mataki na 7: Raba gazawa da ɓoyewa

Kuskure bai zama maƙarƙashiya ba. A Ingila, a Oktoban 2020, sakamakon mutum kusan 16,000 ya ɓace saboda jadawalin Excel ya cika, aka gano aka faɗa a fili. Peru ta sake nazari a ƙarshen Mayun 2021 ta ɗaga adadin mamatanta daga kimanin 69,000 zuwa fiye da 180,000. Hukumar da ta gyara lissafinta ta kuma bayyana dalili ta fi cancantar a yarda da ita.

Alamomin ɓoyewa daban suke. Tanzaniya a zamanin Shugaba John Magufuli ta tsaya a kan masu cuta 509 da mamata 21, ta daina fitar da alƙaluma fiye da shekara guda. Turkiyya ta shafe watanni a 2020 tana sanar da masu alamomin ciwo kaɗai, sai daga baya ministan lafiya Fahrettin Koca ya tabbatar da hakan. Ka sa ido idan adadi yana fitowa kusan iri ɗaya kullum ba hawa ba sauka, idan jimillar jihohi ba ta yi daidai da ta ƙasa ba, idan an sauya ma'auni ba sanarwa, ko idan ana tsoratar da likitoci da 'yan jarida masu tambaya. Alama ɗaya ba ta isa a kira hukuma maƙaryaciya ba. Idan biyu ko uku suka haɗu, ga kuma asibitoci da maƙabartu suna faɗin wani abu daban, to ka ɗauki lambar hukuma a matsayin mafi ƙarancin abin da ya faru, kuma idan za ka isar da ita ga wani, ka haɗa masa da tushenta, ranarta da irin mutanen da aka ƙirga.