Yadda ake tsara kakar tseren keke a ƙaramar ƙungiya tare da rainon matasan mahaya

Ƙungiyar tseren keke da ta ƙunshi ɗalibai da masu sana'ar hannu da ƙananan ma'aikata, waɗanda babu mai karɓar albashi a cikinsu don ya hau keke, tana da buri biyu a kowace shekara, kuma sau da yawa ba sa jituwa. Tana son manyan mahayanta su ciyo kofi domin masu tallafa mata su ga amfanin kuɗinsu, sannan tana son yaran da ta ɗauka su girma a hannunta har su gaji manyan. Mai horarwar da ya bar buri na farko ya danne na biyu yana iya samun shekara ɗaya ko biyu ta murna, daga nan sai ya waiga ya tarar yaran sun watse, wani da ciwon gwiwa, wani kuma ya ƙosa ya koma ƙwallo. Don haka ya kamata a gina kakar ta yadda yaron da aka fara da shi bana zai kai baɗi da sha'awarsa da lafiyarsa.

Aikin farko ba a kan titi ake yin sa ba, a kan takarda ne. Shugaban ƙungiya ya tuntuɓi hukumar wasanni ta jiharsa da hukumar tseren keke ta ƙasa domin ya san gasannin da ake sa ran yi, sannan ya zaɓi biyu ko uku kacal waɗanda ake so mahaya su kai ƙololuwar ƙarfinsu a lokacinsu. Sauran gasannin a ɗauke su a matsayin atisaye. Kafin a rubuta ranar kowane tsere, a fara sanya abubuwan da ba sa motsawa saboda keke: watan azumi, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, da bukukuwan Sallah, da jarrabawar kammala sakandare da ke faɗowa wajen Mayu zuwa Yuli. Yaron da ke ajin ƙarshe a rage masa atisaye a waɗannan watanni ba tare da jiran mahaifinsa ya yi magana ba, domin ranar da uba ya ga keke ya taɓa karatu, ranar ce ƙungiya ta rasa yaron.

Yanayin ƙasa ma yana da tasa magana. Littattafan horarwa da yawa an rubuta su ne don Turai, inda sanyi ke korar mahaya daga titi, su kuma yi tsere a watannin ɗumi. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar lissafin ya sha bamban. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ake samun safiya mai sanyi wadda ta dace da doguwar tafiya, don haka nan ne ya kamata a aza harsashin juriya. Sai dai ranar da hazo ya yi kauri har direba ba ya hango abin da ke gabansa sosai, a haƙura da babban titi, kuma a kula da duk yaron da ƙura ke tayar masa da tari ko asma. A bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a fita da zarar gari ya waye bayan sallar Asuba, a dawo kafin rana ta take. Da damina kuwa abin tsoro shi ne yashin da ruwa ke tarawa a kwana da ramukan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa.

Atisayen harsashi yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, kuma sirrinsa shi ne a tafi a hankali, da gudun da mahayi zai iya hira da na kusa da shi ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba. Wannan ne ya fi wuyar koya wa matasa, domin da sun ga babur ya wuce su sai su bi shi, kowace fita ta zama tsere. Mafi yawan sa'o'in mako, kusan kashi huɗu cikin biyar, ya kamata su kasance masu sauƙi. Bayan harsashi ya kafu ne ake shigar da gudu mai tsanani sau biyu a mako, misali a taka da ƙarfi na minti huɗu, a sassauta na minti huɗu, a maimaita sau huɗu ko biyar. Ana ƙara nauyin aiki mako uku a jere, na huɗu a rage shi sosai, saboda jiki yana ginuwa ne a lokacin hutu. Ƙungiyar da ba ta da na'urar auna bugun zuciya ba ta yi asarar komai ba: kowane mahayi ya riƙa ƙirga bugun jijiyarsa na minti ɗaya da ya farka, ya rubuta a littafi. Idan adadin ya haura yadda ya saba kwana biyu ko uku a jere, ga kasala ga rashin cin abinci, hutu yake bukata ko likita, musamman da yake zazzaɓin cizon sauro kan fara da irin waɗannan alamu.

Inda babu tudu, iska ce tudu. Mahayan filayen Kano ko Maraɗi za su iya samun ƙarfin ƙafa ta hanyar fuskantar iskar hunturu kai tsaye, amma idan gasar da ake hari tana da hawa, yana da kyau a tara kuɗi a yi sansanin 'yan kwanaki a wuri irin Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, domin saukowa daga tudu da gudu fasaha ce da ba a koyon ta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Fasahar tafiya cikin ayari ita ce ta fi cancantar lokaci mai yawa, domin ita ke raba wanda ya iya tsere da wanda ya iya taka feda kawai. Mahayin da ya fake a bayan wani yana rage wa kansa wahalar iska da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, shi ya sa yaro mai ƙarfi wanda ke tsoron matsowa kusa da tayar gaba yakan ƙare a bayan wanda bai kai shi ƙarfi ba. A fara koyar da wannan a filin makaranta ko wani titi da babu mota. A jera yara shida a layi ɗaya, tazarar taku biyu tsakanin taya da taya, na gaba ya ja na rabin minti, ya yi nuni da gwiwar hannu, ya kauce gefe, ya sulale zuwa baya. A hana su kallon tayar da ke gabansu, su riƙa kallon kafaɗar mai ita da hanyar da ke gaba, kuma kada a kuskura tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, domin mafi yawan faɗuwar ayari daga nan take farawa. Sai sun daina danna birki a firgice sannan a rage tazarar. A irin wannan fili ne kuma za su koyi ciro gorar ruwa ba tare da sun sunkuyar da kai ba, da waiwaye ba tare da keken ya karkace ba, da rage gudu kafin a shiga kwana maimakon a tsakiyarta.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tana kiran masu shekara 17 da 18 matasa, daga 19 zuwa 22 kuma 'yan ƙasa da 23, kuma da shekarar haihuwa take lissafi, ba da ranar ba. Saboda haka a adana takardar haihuwa ta gaskiya ga kowane yaro tun ranar da ya shigo. Rage shekaru yana iya kawo lambar yabo a gasar cikin gida, amma yana rufe wa ainihin yaran hanya, kuma mai horarwa ba zai taɓa sanin gaskiyar ci gaban ƙungiyarsa ba.

Shekaru da dama UCI ta taƙaita nauyin giyar kekunan matasa ta yadda keke ba zai wuce mita 7.93 a juyin feda ɗaya ba, kafin ta soke dokar daga farkon 2023. Soke ta bai sa hikimarta ta ɓace ba ga 'yan shekara 13 zuwa 16, waɗanda ƙashinsu ke kan girma. Awon ba shi da wuya: a sa keken a giya mafi nauyi, a daidaita feda tana kallon ƙasa a kan wani layi, a tura keken baya har fedar ta zagayo daidai inda ta fara, sannan a auna tazarar da tef. Yaro ya saba da juya ƙafa sau 90 ko kusa da haka a minti a giya marar nauyi, ƙarfin zai zo daga baya. Haka kuma a riƙa duba tsayin sirdi duk bayan wata biyu ko uku, domin yaro kan yi tsawo cikin hutu ɗaya. Idan ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarsa ta miƙe ba tare da ƙugunsa ya karkace ba, sirdin ya yi daidai.

Masu gaggawa su dubi tarihin Biniam Girmay na Eritiriya. An haife shi a 2000, ya je cibiyar horarwa ta UCI da ke Aigle a Suwizalan yana matashi a 2018, ya ci azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 23 a 2021, ya lashe tseren Gent-Wevelgem na ƙasar Beljiyam a 2022, sai a 2024 ya ci zango uku a Tour de France, babban tseren keke na Faransa, tare da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki. Tsakanin zuwansa Aigle da samun wannan riga shekara shida ce, bayan shekarun da ya yi yana tsere a titunan Asmara, inda gasar cikin gida ba ta yankewa. Darasin da ƙaramar ƙungiya za ta ɗauka shi ne yawan tsere ƙanana a gida. Zagayen kilomita ɗaya ko biyu da aka rufe da izinin 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, sau ɗaya a wata, ya fi amfani ga yaro a kan doguwar tafiya ɗaya zuwa babbar gasa a shekara. 'Yan mata ma a ba su gurbinsu, tare da mace mai kula da su da amincewar iyaye a rubuce. Mahayin keke na farko da ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik mace ce, Ese Ukpeseraye, a Paris a 2024.

Akwai maganar da dole a yi wa matasa a fili tun ranar farko, ita ce ta ƙwaya. Tramadol, wadda ta yi katutu a tsakanin masu aikin ƙarfi, UCI ta haramta ta a lokacin gasa tun 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya kuma ta bi sahu daga 2024. Ban da haramci, tana sa jiri da gyangyaɗi, kuma mai jiri a tsakiyar ayarin da ke gudun kilomita 40 a sa'a ba kansa kaɗai zai kayar ba. Duk maganin da yaro zai sha, ko na mura ne, mai horarwa ya san da shi.

Game da kayan aiki, keke na hannu wanda ya yi daidai da tsayin mahayi ya fi sabo mai tsada da ya yi masa girma. Kuɗin ƙungiya ya fi tafiya a taya da tub da kaca da robar birki, don haka a ware musu kaso tun farkon shekara, a kuma koya wa kowane yaro yin faci da wanke kaca, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai tana cinye haƙoran giya. Babu hular kwano, babu fita, ko da mahayin shi ne gwanin ƙungiya.

A ranar tsere, a ci abinci mai sauƙin narkewa kamar shinkafa ko kunu da burodi sa'a uku kafin a tashi, kuma kada a gwada wani sabon abu a ranar. A tseren da ya wuce sa'a ɗaya, dabino da ayaba a aljihun riga sun wadatar, gora ɗaya ruwa, ɗaya kuma ruwan gishiri da sukari. Kowa ya san aikinsa kafin a busa usur: wa zai bi duk wanda ya yi yunƙurin tserewa, wa zai kare jagora daga iska, wa aka tanada don gudun ƙarshe. Ga matasa, a riƙa juya waɗannan ayyuka daga gasa zuwa gasa maimakon a liƙa wa yaro ɗaya jagoranci tun yana shekara 15, kuma a ba kowa wani abin da zai auna kansa da shi wanda ba matsayi ba, kamar zama cikin goma na gaba har zagaye na ƙarshe. Motar da ke bin ayari ta ɗauki ruwa da akwatin agajin gaggawa, kuma duk mahayin da ya fara layi a kan hanya ko maganarsa ta rikice a sauke shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi asibiti.

Idan azumi ya faɗo a tsakiyar kaka, a mayar da watan na riƙe abin da aka samu. Fita mai sauƙi ta ƙasa da sa'a ɗaya dab da buɗa baki ta isa, aiki mai tsanani kuma a bar shi sai bayan an ci an sha, a wuri mai haske da babu motoci.

Bayan gasar ƙarshe a jingine kekuna mako biyu ko uku. A wannan hutun ne mai horarwa zai zauna da kowane yaro, da mahaifinsa idan ya samu, a buɗe littafin da aka riƙa cikawa, a duba sa'o'in da ya yi da ranakun da ya yi jinya da sakamakon makarantarsa, a yanke ko za a ƙara masa aiki kaɗan a shekara mai zuwa ko a bar shi yadda yake. Wanda ya cika 18 kuma ya fi ƙarfin gasannin da ƙungiya ke iya kai shi, a tattara bayanansa da lokutan da ya yi a tsere, a miƙa su ga masu horar da tawagar jiha ko ta ƙasa kafin su fara zaɓen sabuwar shekara.