Yadda ake shirya filin ciyawa kafin a yafa masa sabon iri a Zariya

Duk mai filin ciyawa a gidansa a Zariya, ko a Samaru yake ko a Tudun Wada, ya san kamannin da filin ke ɗauka a ƙarshen rani, bayan hunturu ya busar da shi, zafin Maris da Afrilu kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Sai a ga sanƙo nan da can, musamman inda ake yawan takawa. Ba lallai ne a tone filin gaba ɗaya ba, domin ana iya yafa sabon iri a kan tsohuwar ciyawar ya cike guraben. Sharaɗin guda ne: ƙwayar iri ba ta tsira sai ta taɓa ƙasa mai laushi da danshi, kuma duk aikin shirin a kan wannan yake.

Lokaci ne farkon abin lura. Ruwan da ke sauka a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ba abin dogaro ba ne, kamar yadda kowane manomin masara ya sani, domin yakan ɗauke na mako biyu ya bar tsiro cikin rana. Ya fi kyau a yi shirin a cikin Mayu, a yafa irin idan damina ta zauna, wato daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Markar Agusta wanke iri take yi ta tara shi a kwari. Shawarar da ake gani a intanet cewa a yi wannan aiki a Satumba ta mutanen Ingila ce da arewacin Amurka, masu ciyawar ƙasar sanyi. Wanda ya bi ta a nan zai tura jaririn tsiro cikin hunturu tun saiwarsa ba ta yi nisa ba.

Sannan a tabbatar da irin ciyawar da ke filin. Kiri-kiri, wadda masu sayar da iri ke kira Bamuda, tana jure rana da takawa, kuma ana samun irinta. Wasu ciyayin ado masu faɗin ganye kuwa da dashe ake yaɗa su, don haka cike gurbinsu da yanki daga gefen filin ya fi sauƙi. Idan an sayo iri, a zuba 'yan ƙwayoyi a kan jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa, a duba bayan kwana 10 zuwa 14. Irin da ya daɗe a shago cikin zafi yakan mutu ba tare da ya canza kama ba.

Kimanin mako biyu kafin yafi, a bi filin a cire baƙin ciyayi da hannu. Tuji yana fita da sauƙi idan ƙasa ta jiƙe, kuma yawansa a wuri alama ce cewa ƙasar wurin ta danne. Aya-aya da tofa su ne masu wahala, domin wanda ya fizge ganyensu kawai bai yi komai ba. Sai an sa ƙaramar fartanya an tono 'ya'yan aya-ayar da doguwar saiwar tofa, in ba haka ba cikin kwanaki su dawo. A guji maganin ciyawa na gonar masara irin su atrazine, wanda ke zama cikin ƙasa ya kashe tsiro tun yana fitowa, domin yana iya yi wa sabon irin abin da yake yi wa ciyawar gona.

Daga nan a yanke tsohuwar ciyawar ƙasa-ƙasa, ta rage santimita 2 zuwa 3, don haske ya kai ga ƙasa. A sa manjagara ta ƙarfe a karce filin da ƙarfi, a tsaye da kuma a gicciye, har matacciyar ciyawar da ta yi tabarma a ƙarƙashi ta fito. Filin zai yi muni bayan wannan, kuma haka ake so. A kwashe tarkacen a fitar, domin shi ne ke riƙe iri a sama, shi ne kuma abincin gara.

Ƙasar yankin Zariya tana da laushin ƙwaya da ƙarancin ruɓaɓɓen taki, shi ya sa idan ruwa ya doke ta rana ta biyo baya sai samanta ya yi ɓawo mai tauri, ruwa ya riƙa gudu a kai bai shiga ba. Gwajin ba shi da wuya: washegarin ruwan sama a tura doguwar ƙusa da hannu, idan ta ƙi shiga to ƙasar ta danne. A sami guntun rodi mai tsini a huhhuda wurin, zurfin santimita 8 zuwa 10, tazarar kamar santimita 15. Inda ya yi sanƙo sosai a sassauta samansa da fartanya. Idan kuwa rodin ya ci karo da marmara ko ɓaraguzan siminti da magina suka binne, to an gano dalilin sanƙon, kuma wurin sai an haƙe an zubo ƙasa mai kyau.

Sai a haɗa ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe da yashi, a baza a kan filin kaurin da bai wuce santimita 1 ba, a share shi ya cika ramukan, a kuma daidaita kwarin da ruwa ke kwanciya. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da 'ya'yan ciyawar daji, ɗanyen kashin kaji kuma ƙona tsiro yake yi. Ana iya ƙara NPK 15-15-15 kaɗan, giram 20 zuwa 30 a kowace murabba'in mita, amma a jinkirta yuriya sai bayan yankan farko, don kada tsohuwar ciyawar ta yi saurin tashi ta rufe sabuwar.

Idan ba a yi ruwa ba, a shayar da filin da yamma ana gobe yafi, ƙasar ta yi danshi ba caɓi ba. A killace wurin tun daren, saboda kaji da awaki da yara masu ƙwallo. Irin kiri-kiri ƙanana ne ƙwarai, giram 5 zuwa 10 ya ishi murabba'in mita, don haka a gauraya shi da busasshen yashi a cikin kwano, a raba gida biyu, a yafa rabi daga gabas zuwa yamma, rabi daga kudu zuwa arewa, sannan a danna shi da faffaɗan katako ya manne da ƙasa.